Wurin da Na Ba Kawunku a Bayan Mota

Kun girma kuna jin magana ɗaya a kaina, kuma na san a bakin mutanen da ba su ƙi ku ba kuka ji ta: wai ni na saukar da kawunku Alhaji Hamidu daga motarsa a tsakiyar hanya, ranar da za a rufe mahaifinsa, na ja mota na bar shi. Ba ku taɓa tambayata ba, ni ma ban taɓa ɗauko zancen ba. Da kuna ƙanana maganar ta fi ƙarfinku, da kuka girma kuma kowa ya kama gabansa. Yanzu tsufa ya karɓe makulli daga hannuna, na samu zaman da ban taɓa samu ba, kuma duk waɗanda suka ga abin da idonsu sun riga mu gidan gaskiya, saura ni. Zan faɗa muku yadda aka yi. Ba wanke kaina nake nema ba, don har yau ban ga dauɗar ba. So nake ku san kawunku yadda ni ma na zo na san shi daga baya.

Lokacin ba a daɗe da komawa mulkin zaɓe a ƙasar nan ba, kasuwar Malanbil tana cikin ganiyarta. Kawunku falken albasa ne, yana da akori-kura ɗaya, irin wadda mu nan muke ce wa bashe, ni ne direbanta. Ina kwaso albasa daga ƙauyuka in kawo kasuwa, wani lokaci in ƙetare gada in kai Gaya. A gidansa muke zaune ni da ƙanwarsa, innarku Rabi, ya ba mu sashe guda, kuma ban taɓa jin ya yi mana gori ba. Mutum ne mai jiki ƙwarai, ga ciwon gwiwa da ya kama shi tun yana da sauran ƙuruciya. In ya shiga gaban mota sai ka ji ta ɗan rusuna masa kamar mai gaisuwa. Bai iya tuƙi ba, bai kuma damu ya koya ba, yana cewa Allah ya raba wa kowa aikinsa. Kujerar gaba ta dama tasa ce. Ko ba ya cikin tafiyar, ba kowa nake ɗorawa a kanta ba.

Kakanku Malam Sanda mutumin Madekali ne, manomi, kuma kawunku shi ne ɗansa na fari. Ku 'yan yanzu da kuke ɗaukar ɗan fari ku ɗora a wuya kuna yawo da shi cikin kasuwa ba za ku gane nauyin wannan ba. A wajen su Malam Sanda, uba ba ya faɗin sunan ɗan fari, ba ya wasa da shi, ba ya nuna ya san da zamansa a gaban mutane. Tun ana yaye Hamidu aka ba da shi riƙo ga dangin uwarsa a Gaya, can ya tashi, can ya koyi kasuwa. Duk zamana da su ban taɓa jin tsohon ya ce Hamidu ba. In dole ta kama sai ya ce "mutumin kasuwa". Shi kuma Alhaji in ya je Madekali, daga bakin zaure yake tsugunawa ya yi gaisuwa da kai a sunkuye, ya ajiye abin da ya kawo, ya nemi wata inuwar ya zauna. Na sha ganin haka, amma ban ɗauke shi komai ba, don ni kaina suruki ne, ko ruwa ba na sha a gaban tsohon. Kowa da kunyar da yake ɗauke da ita.

Da ciwo ya kwantar da Malam Sanda, kawunku ya aike ni na ɗauko shi zuwa Malanbil don a fi samun magani. Ya ba shi ɗaki mafi sanyi a gidan, bai rage komai ba na abin da ake buƙata. Amma innarku ce mai jinya. Alhaji yakan zo da safe ya tsaya a bayan labule ya tambaye ta, "Ƙaƙa ya kwana?" Ta ba shi amsa, tsohon yana ciki yana ji, shi yana waje yana ji, ba wanda zai ce wa wani uffan. Ƙanen tsohon, Baba Gado, wani siririn dattijo mai ƙarancin magana, shi ma ya taho ya tare a gidan. A gabansa Malam Sanda ya yi wasiyya cewa in ta Allah ta kasance kada a rufe shi a Malanbil, a mayar da shi Madekali mutanen garinsu su yi masa salla, a kwantar da shi kusa da iyayensa.

A ƙarshen bazara ya cika, da hantsi, a irin ranakun nan da zafi yake kwanciya a kan gulbi ko ganye ba ya motsi. Aka tura wani mai keke ya yi gaba ya faɗa a haƙa kabari. Aka yi wanka, aka sa likkafani, aka ɗaura shi a makara. Bayan azahar muka sa makarar a bayan bashe, kai wajen gidan direba, ƙafafu wajen ƙofar baya. Baba Gado da maƙwabta da abokan kasuwar Alhaji suka hau suka kewaye ta, har sun fi yadda nake so, amma ranar jana'iza ba a ce wa mutum mota ta cika. Alhaji ya shiga kujerarsa. Mata suka tsaya a gida, za su biyo da safe.

Hanyar Madekali a lokacin ba irin ta yau ba ce. Jar ƙasa ce da manyan motoci suka farfasa, kuma akwai wani dogon wuri da aka ɗaga ta a kan tudu tsakanin fadamun shinkafa, dama gangare, hagu gangare. Mun ci fiye da rabin tafiya, mun kusa hawa wannan tudun, sai tayar gaba ta dama ta faɗa wani rami da ƙura ta rufe. Na ji ƙara kamar an karya busasshen ice, gaban motar ya karkata wajen Alhaji, sitiyari ya fara ja na dama. Ban danna birki da ƙarfi ba, don da na yi haka da makara ta zo ta daki ƙarfe. Na ɗaga ƙafa na bar ta ta rage gudu da kanta, na ja ta gefe ƙarƙashin wani gawo, na kashe.

Alhaji ya ce, "Mi ya faru, Idi?"

Na ce, "Bari in duba, Alhaji."

Tun kafin in duƙa na san abin da zan gani. Rasor ne ya karye, wato murɗaɗɗen ƙarfen nan da ke ɗauke da nauyin mota a kan taya, wanda mutanen Najeriya ke ce wa sifirin. Ya rabu biyu, guntun ƙasa yana lilo, bakin karayar kuma mai kaifi kamar tsinin lauje yana kallon cikin taya, har ya fara yi mata zane. Ƙarfen saman taya ya sauko ya kusa kwanciya a kanta. Ba laifin kowa ba ne. Ƙarfen da ya yi shekaru yana ɗaukar albasa yana shan ruwan fadama, ranar da zai gaji ba ya sallama.

Na miƙe na ce, "Rasor na yak karye."

Ya ce, "Injin lahiya lau yake?"

"Lahiya lau."

"To mi muke jira? Mutane na can bakin kabari."

Ku da kuke da motoci yanzu, ku ji wannan ko da ba ku ji sauran ba. Motar da rasor ɗinta ya karye injinta yana tashi, tana kuma tafiya, shi ya sa take yaudarar mutane. Amma ta daina zama motar tafiya, ta zama majinyaciyar da ake lallaɓawa. Abin da ya fi shi ne a bar ta inda take a nemo wadda za ta ja ta. Ku yau sai ku ciro waya daga aljihu ku kira makanike kuna zaune a inuwa. Mu ranar ba waya, ba wata mota a hanyar, ba ranar kasuwa ba ce balle a sa ran babur, ga gawa a cikin zafi. Tafiya dole ce. Abin da ya rage a hannuna shi ne yadda za a yi ta. Na kuwa san in na hau tudun nan da nauyin da muke da shi, da gudun da Alhaji yake so, ƙarfen zai huda taya, in ta fashe a can motar za ta gangara fadama ta kife, Malam Sanda ya fita daga makararsa a gaban mutane. Wannan kawai nake gani a idona.

Na roƙi kowa ya sauko, ban da gawa da Baba Gado da ya zauna kusa da ita. Na sa duwatsu gaba da bayan tayoyin baya, na ɗaga gaban da kirik, wato jak, na cire taya. Na zare guntun da ke lilo na jefa cikin mota. Sauran rasor ɗin na juya shi har bakin kaifin ya daina kallon taya, na ɗaure shi tamau da robar tsohon tub da ba na rabuwa da ita. Wani daga cikin maƙwabta ya saro mini ice mai tauri, na fiƙe shi na cusa inda guntun ya fita don ya ɗan tallafe nauyin, shi ma na naɗe shi da roba. Na bi tiyon birki da hannu na tabbatar ba abin da ke gogarsa. Na mayar da taya na sauke motar, na juya sitiyari dama da hagu har ƙarshe ina leƙawa. Tsakanin taya da ƙarfen samanta akwai wurin da tafin hannuna yake shiga, ba ƙari. Duk wannan ya ci lokaci, kuma kafin in gama hadari ya fara haɗuwa a gabas, na farko a shekarar.

Na ce wa mutane, "Masu ƙahwa za su taka, mota ba ta wuce ku da nisa. Sannu ba ta hana zuwa."

Ba wanda ya yi musu. Muka matsar da makara ta koma gefen hagu. Alhaji bai saurari ko ɗaya ba, ya buɗe ƙofa ya zauna a kujerarsa. A idon kowa gaban motar ya sauka, ƙarfe ya kwanta a kan taya. Na ce ya matso tsakiya mu gani. Ya matso, amma jikinsa ya cika kujerar, hannuna bai shiga ba ko yatsa. Ya fito yana huci.

Na ce, "Alhaji, gaba ba ta ɗaukar kowa yau. Amma akwai wuri. In kaz zamna baya, can kusurwar hagu wajen ƙahwahun Malam, nauyinka zai ɗaga muna gaban dama. Kai na za ka taimaki motag ga. Ka riƙe muna makara kuma kada ta zame."

Na zaci na kawo magana mai daɗi. Sai na ga fuskarsa ta canza. Ya dubi bayan motar, ya dubi farin likkafanin da ke leƙowa ta ƙarƙashin tabarma, ya kawar da kai da sauri.

Ya ce, "Ni za ka aza baya awa buhun albasa?"

"Ba albasa ta ba, Alhaji. Mahaihinka na."

"Motar wa ta?"

"Taka ta."

"To a gaba nike zama cikin motata. Ka tada mu tahi, abin da Allah ya yi shi za ya zama."

Na ce, "In kana gaba ba ni tada ta."

Ban ɗaga murya ba, amma kowa ya ji. Abokan kasuwarsa suka yi ta ba shi baki, wani ya ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ya daure ya hau. Bai kula su ba. Ya tafi gindin gawon ya zauna a ƙasa, ya miƙe ƙafarsa mai ciwo, ya ce in na gama taurin kaina in zo in ɗauke shi. Na san abin da yake jira. Yana jira yaronsa, mai cin tuwon gidansa, ya sauko. Ni kuma a raina na ce girman kai ne, mai kuɗi ba ya son a gan shi a bayan bashe. Haushinsa ya cika ni, ba zan ɓoye muku ba. Na dubi Baba Gado don ya sa baki, shi ne babba. Tsohon ya dubi ɗan wansa ya daɗe, sannan ya ce da ni a hankali:

"Ƙyale shi, Idi. Ba ya iyawa. Ja mu tahi, rana na yin ƙasa."

Na ɗauka gwiwarsa yake nufi. Na sake zuwa na tsuguna gaban Alhaji na ce za mu kama shi mu ɗora, ba sai ya wahala ba. Ko kallona bai yi ba. Wani abokinsa ya ce zai tsaya tare da shi. Na sa mutum biyu suka hau suka zauna tare da Baba Gado a kusurwar da na so in ba kawunku, na tada mota.

Ban taɓa yin tuƙi irin na ranar ba, kafin nan ko bayan nan. A giya ta ɗaya na hau tudun, ƙafata ba ta taɓa birki sai dole, ina kauce wa kowane rami, wanda ba ya kauciwa in shiga da tayar hagu. Na bar tagar dama a buɗe ina sauraron taya. Duk bayan ɗan lokaci in tsaya in fita in shafa ta in ji ko ta yi zafi ko ƙarfe ya sake taɓa ta, in ƙara matse roba. Mutane suna biye da mu a ƙasa suna salati, masu ƙarfi a gefen mota, tsofaffi a baya. Manoman da ke gyaran fadama suna ganinmu sai su ajiye fartanya su hau tudu su bi sahu. Da gudu muka fito da Malam Sanda daga Malanbil, amma ya shiga garinsu da rakiyar ƙafa kamar yadda aka raka iyayensa. Kujerar da ke kusa da ni kuwa babu kowa a kanta.

Muna isa, kafin a sauke makara, na nemi abin da zai koma ya ɗauko Alhaji. Mai babur ɗaya da ke garin ya yi tafiya. Sai amalanken shanu aka samu, na sa aka ɗaura aka tura. Na je wajen liman da Baba Gado na ce a ɗan jinkirta, ɗansa na fari yana tafe. Liman ya nuna mini rana, ta fara ja, ya ce in ta ƙara yin ƙasa ba a sallar gawa sai bayan magariba. Ya nuna mini gabas, hadari ya yi baƙi ƙirin, ga kabari a buɗe, ga mamaci tun hantsi cikin wannan zafi. Aka ɗan jira duk da haka, har iska ta fara tashi. Sai Baba Gado ya ce:

"Gawa ba ta jiran mai rai. A yi mashi salla, na ɗauka."

Aka yi salla, aka rufe shi. Muna watsa ƙasar ƙarshe ruwa ya sauko. Amalanke ya shigo gari ana kiran magariba, Alhaji a kai sharkaf, rawaninsa a hannu. Aka faɗa masa an gama. Bai yi faɗa ba, bai tambayi kowa dalili ba. Ya ce Allah ya jiƙansa, ya wuce zaure ya zauna karɓar gaisuwa. Bai je maƙabarta ba ranar, bai je washegari ba.

Bayan sadakar uku, da muka koma Malanbil aka sa wa motar sabon rasor, ya aiko a karɓi makulli. Bai kore mu daga gidan ba, kada ku ɗora masa wannan. Ni ne na ga ba zan iya zama ina cin tuwon mutumin da ba ya amsa gaisuwata ba, na nemi ɗakuna na haya a bayan tasha muka tashi. Wannan ita ce shekarar da manyanku suke tunawa da ɗakin da yake yoyo. Na koma ɗaukar fasinja a babur ɗin wani, kabu-kabu, ina kai su gada ina dawowa, ni da na saba da sitiyari. Sai da aka daɗe kafin na sake samun mota. A kasuwa kuwa labari ya riga ya sa riga da wando: Idi ya saukar da mai gidansa. Ban bi kowa ina gyarawa ba, don bakin mutane ya fi ƙarfin a rufe shi da tafin hannu.

Innarku ce ta fi shan wuyar abin. Ubanta ne ya rasu, wanta ne ya yi fushi, mijinta ne ake zagi. Ranar da muke kwashe kaya na tambaye ta ko ita ma tana ganin laifina. Tana naɗe tabarma ta ce:

"Baba ya isa gida cikin suturarshi?"

Na ce, "Ya isa."

Ta ce, "To ni abin da na sani ke nan. Amma Yaya ma ba ka san abin da ke cikin ranshi ba."

Ta ci gaba da zuwa gidansa ranar salla ita kaɗai, ta dawo ba ta ce mini komai ba. Ku kuma kuka tashi kuna da kawu a gari ɗaya ba ku san cikin gidansa ba. Wannan ya dame ni fiye da rashin motar.

Shekaru suka tafi, har furfura ta kama mu duka. Baba Gado ya rasu, liman ya rasu, ni na samu wata tsohuwar bashe tawa ta kaina. Wata safiya ina tasha ina duba mai, sai ga Alhaji ya sauko daga babur da sanda. Ya rame, rigarsa ta yi masa yawa. Ya yi sallama, na amsa, na rasa inda zan sa idona.

Ya ce, "Kana da aiki yau?"

"Babu wanda ba ya jira."

"Kai ni Madekali."

Na zagaya na buɗe masa ƙofar gaba, na kakkaɓe kujera. Bai shiga ba. Ya dogara sandarsa ya bi gefen motar har baya, ya tsaya yana kallon ciki.

Ya ce, "Ina ta kusurwad da kac ce in zamna?"

Na nuna masa. Ya ce in kama shi. Na kama shi ya hau da ƙyar, ya zauna a kan ƙarfe a kusurwar hagu, ya ɗora sanda a cinya. Na ce rana za ta dame shi, ga ƙura. Ya ce in tada. Haka muka ratsa Malanbil, babban falken albasa shi kaɗai a bayan bashe, masu kabu-kabu suna waiwaye. Rasor ɗina lafiya lau yake, amma ban iya yin gudu ba. Da muka zo wajen gawon nan ya buga rufin mota na tsaya. Na fito na same shi yana kallon gindin itacen.

Ya ce, "Kai ka zaci girman kai na."

Na ce, "Haka na zata."

Ya ce, "Idi, tunda uwata ta haihe ni ban taɓa zama tabarma guda da mutumin nan ba. Ban taɓa taɓa jikinshi ba, ko hannu. Kac ce in zamna wajen ƙahwahunshi in riƙe shi, mutane na kallo. Na so. Wallahi ƙahwata ta ƙiya. Kuma ban san yadda ake hwaɗin wanga magana ba, shi na sa na kawo zancen albasa."

Sai a lokacin na gane abin da Baba Gado yake nufi da ba ya iyawa. Tausayinsa ya kama ni. Na sha tambayar kaina tun daga ranar, da na sani fa, me zan yi? Da na kawar da mutane gefe, da na yi masa magana mu biyu, wataƙila da ya hau. Amma ba zan sa shi a gaba ba ko da na sani, don ƙarfe bai san kunya ba. Na faɗa masa haka. Ya ce ya sani, tun ranar ma ya sani, shi ya sa fushin ya daɗe.

A maƙabartar Madekali ba a rubuta suna. Damina da yawa sun wuce a kan wurin, kaburbura sun kwanta sun zama ɗaya da ƙasa, an ƙara wasu a gefe. Waɗanda za su iya nunawa duk suna cikinta. Ya juyo ya tambaye ni, don a cikin masu rai ni kaɗai na rage wanda ya tsaya a bakin ramin. Na tuna akwai wata sabara daga gabas, na auna da ido, na nuna masa wurin da na fi zato, na kuma gaya masa gaskiya cewa ban tabbata ba. Ya ce ba komai. Ya sa na ɗauko tabarmar sallata daga mota, ya shimfiɗa ta a gefen wurin, ya zauna a rabi ya bar rabi. Ya miƙa hannu ya dafa ƙasa. Ni na koma wajen mota na juya baya, don ba abin kallon suruki ba ne. Bai taso ba sai da inuwa ta juya.

A hanyar dawowa ya zauna a gaba, motar ko motsi ba ta yi ba da ya shiga. Bai shekara ba bayan nan ya rasu, kuma ni na kai shi makwancinsa.

In kun sake jin wani ya ce na saukar da kawunku, kada ku yi faɗa da shi. Ku ce wuri na ba shi, wurin ne ya yi masa nauyi, kuma daga baya ya zo da ƙafarsa ya zauna a ciki.